Robar taga maimakon gilashi: wacce ta dace da siton lambu?

Ɗan siton da ake yi a lambu don ajiye injin ban ruwa, tiyo, buhunan taki da iri ba ya bukatar babbar taga, amma yana bukatar haske. Gilashi kuwa ba ya daɗewa a irin wannan wuri. Ko ƙotar fartanya ta doke shi daga ciki, ko dutsen yara masu harbin tsuntsu da danƙo ya same shi daga waje, ko iskar farkon damina ta buga tagar ya tarwatse. Shi ya sa mutane da yawa suka koma sa roba mai kama da gilashi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a shago duk Perspex ake ce musu, alhali kaya ne daban-daban, kuma ba dukkansu ke jure ranarmu da ƙurarmu ba.

Mu fara kawar da mafi arha, wato folistarin. Ita ce siririyar robar nan mai kaurin milimita 2 da ake sa wa firam ɗin hoto, kuma a Ingila ita ake yawan maƙala wa ƙananan rumfunan lambu masu araha. Tana sabuwa ba ka bambanta ta da mai kyau. Amma hasken rana yana cinye ta: ta yi rawaya, ta dushe, sannan ta yi gautsi har yatsa ma ya iya fasa ta. Abin da ba ya ƙarko a ƙasar da rana ke leƙowa jefi-jefi, ina ga Sakkwato ko Maraɗi? A bar ta wa hoton bango. Ana gane ta idan aka ƙwanƙwasa ko aka saki guntunta a ƙasa, tana ƙara kamar gwangwani.

Akirilik ita ce ainihin Perspex. Sunan na kamfanin ICI ne na Ingila, wanda ya yi masa rajista a 1934, a Jamus kuma ana sayar da irinta da sunan Plexiglas. Tana barin kashi 92 cikin ɗari na haske ya wuce, ta ɗan fi gilashin taga ma. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba: murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 3 yana kai kilo 3.6, gilashi mai wannan kauri kuwa kilo 7.5 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tagar katako mai ƙananan hinji biyu. Babban abin yabonta shi ne rana ba ta sauya mata launi, kuma ba wani shafi aka yi mata ba, haka jikinta yake. Idan ta karce ana iya goge karcen da man goge mota mai laushi, ta dawo fes. Rauninta biyu ne. Ta fi gilashi jure duka sau da yawa, amma dutse mai ƙarfi zai tsaga ta, kuma takan tsage daga ramin da aka huda ba daidai ba. Sannan tana cin wuta sosai, don haka ba a sa ta kusa da salansar janareto ko inda ake hura wuta.

Akwai akirilik iri biyu, wadda aka zuba a mazubi da wadda aka matso ta inji. Ta zubi ta fi tsada, ta fi daɗin huda da yanka, ba ta saurin narkewa a bakin zarto. Ta matsi ta isa aikin taga in dai za a bi ta a hankali.

Folikabonet kuma ita ce mai ƙarfin hali. A 1953 aka gano ta, a kamfanin Bayer na Jamus da kuma General Electric na Amurka kusan lokaci guda, kuma da sunayen Makrolon da Lexan aka fi saninta. Da irinta ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma. Guduma ma sai dai ta lotsa ta. Nauyinta kusan ɗaya da na akirilik, haskenta ya ɗan gaza, ba ta kuma saurin kama wuta, in an janye harshen wutar takan mutu da kanta. Tsadarta ta fi ta akirilik mai kauri ɗaya.

To amma ƙarfin nan yana rufe wa masu saye ido, su manta da abubuwa uku. Na farko, rana tana lalata folikabonet idan ba ta da shafin kariya. Masana'anta suna yi mata wani siririn shafi mai tare hasken da ke ƙona roba, galibi a fuska ɗaya kawai, kuma a jikin ledar da ke manne da ita ake rubuta wace fuska ce. Wannan fuskar ce take kallon waje. Idan kafinta ya ɓare ledar duka biyu kafin ya yanka, shi ke nan, ido ba ya iya gane gaba da baya. In aka juya ta, ko aka sayi marar shafi, cikin 'yan shekaru za ta koma kalar shayi ta fara tsattsagewa. Na biyu, jikinta ya fi na akirilik laushi, tana saurin karcewa, kuma ba a goge mata karce, domin gugar za ta cire shafin. A ƙasar da hunturu ke zuba ƙura wata uku, wannan babban aibi ne. Na uku, ba ta shiri da fetur, tina, da ammoniya. Sito mai jarkar fetur ɗin injin ban ruwa a gindin taga, ko ɗakin kaji da warin kashinsu ke tashi, ba wurinta ba ne. A ɗakin kaji akirilik ta fi dacewa nesa ba kusa ba.

Sai folikabonet mai ramuka, wadda ake rufa rumfar mota da ita, a kasuwannin Najeriya kuma akan kira ta Danpalon, sunan wani samfurinta. Bango biyu ne sirara da 'yan ramuka dogaye a tsakani, kaurinta milimita 4, 6, 8 ko 10. Ba ta da nauyi ko kaɗan, mai milimita 6 ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai a murabba'in mita ba. Iskar da ke cikin ramukan tana rage shigar zafi, ba a kuma ganin abin da ke cikin ɗaki sosai, wanda alheri ne ga siton da ke da injin da ɓarawo zai so. Sai dai wuƙa tana yanka ta cikin sauƙi, don haka ba kariya ba ce. Ramukan kuma su ne masifarta. Dole su tsaya a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don raɓar da ta taru a ciki ta zurare. A toshe bakin sama da tef ɗin alminiyam marar huda, bakin ƙasa kuma da tef mai numfashi wanda ke fitar da danshi ya hana ƙura da ƙwari shiga. Yawancin masu aiki ba sa yin wannan. Sakamakonsa shi ne layukan jar ƙasa, gansakuka da matattun tururuwa a cikin robar, inda babu tsumman da zai kai.

Hukuncinmu ga tagar sito ta yau da kullum: akirilik mai milimita 4. Folikabonet marar rami mai shafin kariya sai inda ake jifa da gaske, kamar kusa da filin ƙwallo ko hanyar makaranta. Idan taga tana kallon yamma, ko iri da maganin feshi ake ajiyewa a ciki, a ɗauki fara mai kalar madara maimakon mai gani garau. Tana watsa haske ko'ina, ba ta barin rana ta zauna a kan buhu ɗaya.

Kauri yana bin girman taga ne. Roba ba ta da tsauri kamar gilashi, iska tana lanƙwasa ta har ta fice daga firam ba tare da ta fashe ba. Idan gajeren gefen bai wuce santimita 50 ba, milimita 3 ta isa. Daga nan zuwa santimita 80, a sa 4 ko 5. Abin da ya kai mita, gara a raba tagar biyu da sanda a tsakiya da a sayi mai milimita 6. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440, yana fitar da tagogi takwas masu santimita 60 kowane gefe. A tafi shago da abin awon kauri in da hali, don mai 2.5 takan fito da sunan 3.

Yawancin robar da ake zagi ba ita ce da laifi ba, sanyawar ce. Roba tana miƙewa da zafi, tana tsukewa da sanyi, kusan ninki takwas na gilashi. Mita ɗaya na akirilik yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.07 a kowane digiri ɗaya. A Kano, asubar watan Janairu takan sauko kusan digiri 13, azahar ɗin Afrilu kuma ta kai 40 a inuwa, robar da rana ke duka kai tsaye kuwa ta fi haka zafi. Idan bambancin a jikin robar ya kai digiri 45, ƙarin a mita ɗaya ya haura milimita 3. Saboda haka a yanka ta ƙasa da faɗin gurbinta da milimita 3 zuwa 4 a kowace mita, tsaye da kwance, mai duhun launi ma a ƙara mata. Wanda ya yanka cif-cif a hunturu zai tarar ta yi ciki a bazara, ko ta tsage daga kusurwa. Gurbin da za ta zauna ya kai zurfin milimita 15, don kada ta fice idan ta tsuke.

Hanya mafi kyau ita ce kada a huda ta sam. A zaunar da ita a gurbi, a danne da siririn katako ko ƙarfen kwana, ƙusa ta shiga katakon, ba robar ba. In babu makawa sai an huda, ramin ya fi sukuru faɗi da milimita 2 zuwa 3, ya yi nisan milimita 20 daga baki, tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ramuka. A sa washa mai roba, a ɗaure har ta zauna, sannan a ɗan sassauta. Sukuru mai kai kamar mazurari, wanda ke nutsewa cikin katako, yana buɗa akirilik kamar yadda gatari ke buɗa itace, kada a yi amfani da shi. Wajen huda, a shimfiɗa katako a ƙasa, injin ya juya a hankali, kada a danna, musamman lokacin da bakin zai ɓulla.

Akirilik da ba ta wuce milimita 3 ko 4 ba ana iya tsaga mata layi sau biyar ko shida da wuƙa mai ƙugiya, a ɗora layin a bakin tebur a karya. Folikabonet ba ta karyuwa haka, sai zarto mai ƙananan haƙora. A duka biyun a bar ledar a jiki har a gama, amma a ɓare ta da zarar an sanya. Idan ta yi makonni a rana, gam ɗinta zai gasu a jikin robar, cire shi kuma sai da abin da zai ɓata ta. Wannan karyawar ma ita ce gwajin da za a yi a shago: a nemi ɗan guntu a lanƙwasa, akirilik za ta ɓalle, folikabonet za ta tanƙware ta yi fari a gwiwar.

Fotin da ake liƙe gilashi da shi ba ya kama roba, yana bushewa ya hana ta motsi. A yi amfani da silikon, amma ba mai warin tsami mai yaji a hanci ba, marar wannan wari shi ne ya dace da folikabonet. Firam na ƙarfe kuma a gama walda da fenti, ya bushe sarai, kafin roba ta zo kusa. Tartsatsin walda yana huda ta, tinar fenti tana sa mata ƙananan tsage kamar saƙar gizo-gizo. Kada kuma a manta roba ba ta shigar da iska, sito mai taki da fetur yana bukatar wata kafa mai raga can sama kusa da kwano.

Wanki shi ne inda ake kashe taga mai kyau. Ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi, shafa ta da busasshen tsumma daidai yake da goga samfefa. A fara kwara ruwa da buta har ƙurar ta sauka da kanta, sannan a bi da ruwan sabulu kaɗan da tsohuwar riga ta auduga mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye. Ba soson ƙarfe, ba toka, ba kananzir, ba ruwan goge gilashi na kwalba, domin da yawansu akwai ammoniya ko sifirit a ciki. A yi wankin da safe, kafin rana ta gasa robar.