Bayan JSS 3: Kwalejin Fasaha ko Shagon Maigida?

Idan yaro ya gama JSS 3 a Agege ko Idi-Araba da ke Legas, shekara tara ta karatun dole ta cika, sai a zaɓa masa: kwalejin fasaha ta gwamnati ko koyon sana'a a hannun maigida.

Kwalejojin fasaha na jihar Legas suna Agidingbi, Ikotun, Ado-Soba, Ikorodu da Epe. Shekara uku ake yi, a fita da takardar NABTEB (hukumar jarrabawar fasaha da sana'o'i ta ƙasa), wadda in an haɗa da sakamakon JAMB tana iya kai yaro Yabatech, wato babbar kwalejin fasaha ta Yaba. Ga mai jan karatu, wannan ya fi. Abin da ke karya yara kuɗin mota ne da cunkoso. Wanda zai taso daga Agege zuwa Ikorodu kullum, kafin zango na biyu ya fara fashi. A duba nisa kafin a cike fom.

A shago kuwa, gyaran waya ko kanikanci, hannu ya fi saurin faɗawa, ga ɗan kuɗin abinci. Sai dai watannin farko galibi shara ne da aike da miƙo sufana. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: shekara nawa, me za a koya, yaushe za a yaye shi. In ba haka ba, yaro sai ya shekara biyar bai taɓa sauke inji shi kaɗai ba.