Hajiyar nan mai hidimar jego a Jidda, ga yanda na ga aikinta

Salam 'yan uwa mata na Jidda da Makka. Tunda na fita arba'in ake ta kirana ana tambaya wai ya na ga aikin Hajiyar nan ta wajen unguwar Karantina mai zuwa gida hidimar jego, shin ta cancanci kuɗin da take karɓa. Eh ta cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne yasa nace bari in zauna in rubuta dan bana so wata ta ɗauka ido rufe sannan tazo tace ni na turata. Sunanta da lambarta bazan saka ba, masu buƙata sun san inda zasu sameni.

Ga wadda bata taɓa jin labarinta ba, dattijuwa ce 'yar asalin Damagaram, ta daɗe a ƙasar nan, Larabci a bakinta har ya fi na wasu 'ya'yanmu da aka haifa anan. Aikinta kashi biyu ne, akwai na sati ɗaya har ranar suna, akwai na arba'in cikakke. Ni na arba'in na ɗauka saboda Mama bata samu zuwa ba, lokacin aikin hajji ya matso bizar ziyara tayi wuya ga kuma kuɗin jirgi daga Kano, dangin maigida kuma duk suna Madina. Riyal dubu biyu da 'yan kai muka daidaita banda cefane banda kuɗin mota, ku riƙe maganar motar nan zan dawo kanta.

Abinda ya fara birgeni tun kafin haihuwa ne. Ina shiga wata takwas tazo gida tace in fito da jakar asibiti, ta zazzage komai akan gado ta rage rabi. Ni na cika jaka da kayan gayu na jariri, ita kuwa abinda take nema pad babba na masu jego, pant na yarwa, zani mai laushi, riga mai buɗewa ta gaba dan shayarwa, pampas ƙarami, hula da safa da shawul mai kauri saboda sanyin mukayyif, wato AC, na asibiti ba wasa ba ne. Sai takardu, nan ta fi tsayawa: iƙamata (katin izinin zama a ƙasar) da ta maigida, katin ta'amin (inshorar lafiya), fayil ɗin awo, takardar aure, duk a leda ɗaya a aljihun gaba. Tace Abban yara ya kira kamfanin ta'amin tun yanzu ya ji wane asibiti suka yarda dashi da abinda zasu biya idan abu ya zama tiyata, kar sai naƙuda ta kama ana tsaye a risafshan ana jiran muwafaƙa, wato amincewar kamfanin. Ita ce ma ta tuna mana kar mu baro asibiti sai da takardar shaidar an haihu a wurinsu, dan da ita ake neman shahadar milad, wato takardar haihuwa ta gwamnati, a ofishin Ahwal mai rajistar jama'a, sannan a saka yaro a iƙama. Wallahi wannan zaman kaɗai ya kai a biya masa kuɗi.

Sai girki. Anan kam babu abinda zan ce sai Allah ya saka. Farfesun ƙafar sa da take yi da daddawa da kimba da masoro, naman yayi lugub romon yayi kauri, ranar farko ina sha ina hawaye dan ɗanɗanon gidanmu na ji. Yajin jego ita take dakawa da kanta, citta kanumfari tafarnuwa barkono daidai misali, ba irin na leda da ake cika wa magi ba. Gero da dawa da kuka daga Shara Mansur na Makka ake kawo mata, tana tuƙa tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da safe kunun gyaɗa ko na tsamiya, wani lokacin ta dama hulba da madara irin ta 'yan Sudan, kuma ta iya haɗin Larabawa na 'ya'yan rashad, wato lafsur, da madara mai ɗumi wanda maƙwabciyata Balarabiya ta dage sai na sha. Hulbar dai kun san halinta, gumi da fitsari duk warinta suke, wadda bata jurewa ta faɗa mata tun farko zata daina. Kicin kuma tas take barinsa.

Inda muka samu saɓani biyu ne, kanwa da zafin ruwa.

Kwana na farko da dawowa daga asibiti ta kawo min kunun kanwa kofi cike, kanwar har tana ɗaci a harshe. Nace Hajiya ni jinina ya hau a watan ƙarshe likita ta hanani gishiri mai yawa, tace haba 'yata iyayenmu da kakanni da shi suka yi jego ga su nan garau, shi ke wanke ciki ya kawo nono. Ban yi mata gardama a tsaye ba, babba ce, amma ban sha ba. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya aiki, kuma ba yau aka gano ba, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya suka yi rubutu akan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya akan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka kumbura numfashi ya gagara suka tafi ai basa nan balle su bada labari. Sai da maigida yayi mata magana cikin ladabi, yace Hajiya ayi haƙuri umarnin likita ne, sannan ta sauke, amma kusan sati tana min gugar zana, yaran zamani kaza kaza. Abinda ya dameni shi ne bata tambayeni komai akan hawan jini ba kafin ta dama, da wata ce mai kunya ko 'yar haihuwar fari shanyewa zata yi.

Wankan ma haka. Ganyen darbejiya take zuwa dashi, ba wuyar samu yake ba anan, ko a Arfa kun ga yanda itatuwansa suka cika fili. Ta tafasa a babbar tukunya ta juye a bokiti, ruwan da za a fige kaza dashi, a Jidda, a watan zafi, inda ruwan tanki ma da azahar baka iya saka hannu. Nace a sirka. Ta sirka kaɗan. Nace a ƙara. Kullum sai munyi wannan ciniki a ƙofar bayi, amma gaskiya idan aka samu daidai wankan akwai daɗi, yanda take fyaɗa ganyen a baya da ƙugu sannan ta bi da man zaitun ta danna jiki tun daga wuya har tafin ƙafa, barcin da nake yi bayan nan ba a magana. An min ƙari dan haka zama cikin ruwan ɗumi safe da yamma ta tsaya min akai sosai, kuma da nace kar a zuba komai a ruwan sai ɗinki ya warke bata musa ba. Wata ƙawata da aka yi wa tiyata tace ita bata taɓa mata ciki ba sam kuma bata ɗaure mata shi ba sai da likita ta bada izini, to nan na yaba mata.

Wajen jariri hannunta mai kyau ne ƙwarai, wanka, naɗewa, sa shi yayi gyatsa, gyara min zama wajen shayarwa lokacin da kan nono ya tsage ina kuka. Bata cikin masu cewa a matse dakashi a zubar, ita cewa take shi ne maganin farko. Amma ta so gasa cibiya da tsumma, ta so saka kwalli, ta kuma kawo shawarar a ɗan ɗiga masa zamzam da zuma. Duk nace a'a. Cibiya a barta a bushe zata faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu, zuma ba a ba yaro sai ya shekara, ruwa kuma ko na zamzam ne sai wata shida, nono ya isheshi. Tahniki da ɗan dabino Abbansa yayi masa shikenan. Ita ce kuma ta fara lura idonsa yayi ɗorawa a kwana na uku, bata ce a jiƙa komai ba tace maza a koma asibiti a auna shawara, aka auna aka ce bata kai ta saka shi a fitila ba. Wani dare da zazzaɓi ya rufeni ma ita ta matsa a kira 937 na ma'aikatar lafiya, ashe nono ne yayi tsami ya kumbura.

Gyaran arba'in ba ita ke yi ba, akwai wata 'yar Mai Wurno, garin Hausawa a Sudan, da suke aiki tare, tazo Jidda bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023. Dilka, halawa, lalle, sai duhan, wato turara jiki da hayaƙin itacen ɗalhi, a shiƙƙa, gidan bene na haya, ba rami dan haka tukunya take sawa ƙarƙashin kujera mai huda ki lulluɓa da bargo. Fata tayi kyau ba ƙarya, turaren humrarta ma mai kyau ne. Kuɗinta daban, kuma hayaƙin sai da ya tada na'urar gobara ta benenmu mai gadi ya hawo da gudu, a buɗe taga a fitar da jariri daga ɗakin tukunna.

Maganar mota. Hajiya bata da direba tsayayye, ranar da ta samu mai kawota ƙarfe bakwai tana ƙofa, ranar da bata samu ba sai goma ko sha ɗaya kina zaune da yunwa jariri na tsala kuka, waya kuma ba kullum take ɗauka ba. Juma'a bata zuwa kwata kwata kuma ba a faɗa min ba sai da Juma'ar tazo. Daga baya mu muka riƙa tura mata Careem, tasin da ake kira ta waya, kuɗin ya taru ba kaɗan ba dan mu a arewacin gari muke. Wadda zata ɗauketa ta zauna da ita tun ciki na wata bakwai, a gaban maigida, a yanke lokacin zuwa da wanda zai biya mota da ranakun hutu, ki faɗa mata duk abinda likita ta hanaki tun a ranar. Kuma mace biyu kawai take haɗawa a lokaci ɗaya, daga Ramadan zuwa bayan hajji da wuya ki sameta in baki kama wuri da wuri ba.