Tsohon Raleigh ko tsohon Peugeot: wanne ya fi dacewa da mai farawa?

Malam, tambayarka ita ce wanne za ka ɗauka cikin kekunan tsere biyu na shekarun 1970 da ka gani a wajen mai gwanjo. Ka ce akwai Raleigh mai kyan fenti wanda aka cire masa hannayen feda da duk kayan da ke cikin gindinsu, akwai kuma Peugeot da tsatsa ta taɓa amma babu abin da ya ɓace a jikinsa, kuma zuciyarka ta fi karkata ga Raleigh saboda sunan da ya yi a wajenmu tun zamanin iyaye. Ni dai Peugeot ɗin zan ɗauka, sai in awo guda ɗaya da zan ambata a ƙasa ya nuna akasin haka.

Wajen asali babu wanda ya fi wani nisa. Raleigh na birnin Nottingham ne a Ingila, kuma da ƙungiyar TI-Raleigh Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France a 1980. Peugeot ya fara ƙera keke a Faransa tun 1882, kuma Bernard Thévenet ya ci wannan gasa a kansa a 1975 da 1977. Sai dai kowane kamfani ya yi na alfarma ya kuma yi na talaka. Idan ka ga ɗan tambarin Reynolds 531 a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, ƙarfen mai sauƙi ne mai daraja, irin wanda ke jikin Peugeot PX-10 ko Raleigh Competition. Idan babu shi, to mai yiwuwa na gama-gari ne kamar Peugeot UO-8 ko Raleigh Record, waɗanda suka fi nauyi amma suke da daɗin hawa.

Inda maganar take shi ne tiredi, wato haƙoran da ake murɗa ƙarfe a cikin ƙarfe da su. Kusan duk kwanonin boris masu tiredi da ake sayarwa yau, wato waɗanda ake murɗawa a gindin feda su riƙe sandarta, suna bin awon Ingila, mai haƙora 24 a kowane inci. Mutum zai zaci Raleigh, tunda ɗan Ingila ne, wannan awon yake bi, amma kekunansa masu araha da aka ƙera a Nottingham suna da awon kansu na haƙora 26. Na masu tsada ne kawai, waɗanda aka yi a masana'antar Carlton da ke Worksop, wadda Raleigh ya saya a 1960, suke bin awon kowa. Saboda haka ka tafi da abin awo ka auna tsawon bututun da sandar feda ke ratsawa, daga wannan baki zuwa wancan. In ka sami milimita 68, alama ce mai ƙarfi cewa awon kowa ne, kuma a nan shawarata ta juya, ka ɗauki Raleigh ɗinka hankali kwance. In ka sami 71 ko 76, to ka san kwanonin boris ɗin da aka cire da wuya ka same su a shagon kayan keke, galibi sai a jikin gawar wani tsohon Raleigh. Kwano mai haƙora 24 zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, kuma wanda ya sa ƙarfi ya ci gaba da murɗawa ya lalata firam ɗin ke nan.

Shi ma Peugeot na wancan zamani ba ya bin awon kowa, kuma nasa bambancin ya fi yawa. Faɗin ramin gindin fedarsa milimita 35 ne da tiredin mita, kuma kwanon ɓangaren sarƙa dama yake ɗauruwa, alhali na Ingila hagu yake ɗauruwa, shi ya sa na Faransa kan kwance da kansa a kan hanya in ba a matse shi sosai ba. Wuyan da ke riƙe kan keken milimita 22.0 ne maimakon 22.2, tiredin feda kuma kaurinsa milimita 14 ne da tazarar haƙora milimita 1.25. A wannan na ƙarshe na taɓa yin asara. Na sayo sabuwar feda, ta fara shiga kamar lafiya, da ta cije sai na ƙara wa sufana tsawo da bututu, na gama murɗawa sai ga ɓarɓashin alminiyam a yatsuna, hannun fedar ya tashi daga aiki. Amma duk wannan damuwa ce ga wanda ya rasa wani abu. Kai naka cikakke ne, aikinka kwancewa ne da wankewa da kananzir, da sauya boris, da sa sabon giris, sannan ka mayar da kowane abu mazauninsa. In ma wani abu ya ƙi, akwai mafita: ana goge sabon wuya da samfefa har ya shiga, ana kuma sake yanka tiredin feda zuwa awon Ingila.

Abubuwa biyu ne zan ce ka duba da kyau a jikin Peugeot ɗin. Na'urar sauya giya ta Simplex tana da roba a jikinta wadda kan tsage da tsufa, musamman ta gaba inda take rungumar bututu, kuma sauya ta ba wuya. Wuyan alminiyam mai tambarin AVA kuwa ya yi suna wajen tsagewa, ni ba na hawa a kansa ko da ya yi kyau a ido. Birkin Mafac, in shi ne a kai, ka bar abinka, sabon takalmi da waya kawai yake so.

Ta fuskar taya su biyun matsalarsu ɗaya. Yawancin irin waɗannan kekuna inci 27 ne, wato milimita 630, na tsere na yau kuma 700C ne, milimita 622, tayar babban keken nan namu na ɗaukar kaya kuwa 635 ce. Babu wadda ke hawa mazaunin wata, don haka ka karanta lambar da ke gefen tsohuwar tayar kafin ka kashe kuɗi. In ka koma 700C, takalmin birki zai sauko da milimita 4, kuma Mafac yawanci yana da wannan sarari.

Game da tsatsar da ta ba ka tsoro, ta sama ba komai ba ce, wayar goge tukunya mai laushi da ɗan mai suna ɗauke ta. Kafin ka biya, ka kwance notin sirdi ka ga ko sandarsa tana motsi, domin wadda ta manne da firam tana iya cin makonni. Sannan ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun firam biyu, na sama da na ƙasa, dab da inda suka haɗu da wuyan keken. In ka ji ƙulli ko ka ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo da gaba, kuma wannan ya isa ka bar wa mai gwanjo kayansa, ko Raleigh ne ko Peugeot.