Akanta da harkar kuɗi ko gudanar da kasuwanci? Ɗauki na farkon kawai

Ƙanena, tunda tsakanin kwas ɗin akanta da sarrafa kuɗi da kwas ɗin gudanar da kasuwanci kake kokwanto, ni ba zan tsaya kwana-kwana ba, ɗauki akanta da sarrafa kuɗi. Shi na karanta, da shi nake cin abinci, kuma ko yau aka ce in koma aji ɗaya shi zan sake cikewa.

A shekarar farko ba za ka ga wani bambanci ba, kusan aji ɗaya za ku riƙa zama, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, ɗan lissafi, gabatarwar akanta. Daga shekara ta biyu hanya ke rabuwa. Su 'yan gudanarwa za su shiga tallata haja, kula da ma'aikata, tsara dabarun kamfani, ƙa'idoji 14 na gudanarwa na Fayol, matakan buƙatun ɗan Adam na Maslow, abubuwa biyar masu juya gasar kasuwa da Porter ya fitar a 1979, kowane fanni a ɗan gutsura a wuce. Kai kuma za a zaunar da kai kan abu ɗaya har sai ya shiga jikinka: yadda ake shigar da kowace mu'amala gida biyu, yadda ake fitar da bayanin riba da asara, lissafin abin da aka kashe kafin haja ta fito, haraji, binciken littattafai wato aikin odita, kasafin kuɗi, da yadda ake auna ko wani aiki ya cancanci a zuba masa jari. Shi wannan shigarwa gida biyu ba sabon abu ba ne, tun 1494 Luca Pacioli ya rubuta bayaninsa a Benis ta Italiya, kuma har yau kusan duk wata manhajar akanta a kansa take tafiya, dukiyar kamfani dole ta yi daidai da bashin da ake binsa haɗe da jarin masu shi, in ba su yi daidai ba to akwai inda aka yi ɓarna.

Ina tuna wani lakcaranmu dattijo, in ka kai masa aiki gefen hagu da na dama sun ƙi haɗuwa ba ya ma duban takardar, sai ya ce nawa ne bambancin? Ka ce 90. Ya ce raba da 9. In ya rabu ba saura to je ka nemo inda ka juya lamba, ka rubuta 450 a madadin 540. Wallahi ranar da na fara gwadawa na ga ta fito sai da na yi dariya ni kaɗai cikin dare.

Amma inda na san kwas ɗin nan ya biya ni shi ne aikina na farko a wani ƙaramin kamfanin rarraba kaya. Mai kamfanin mutumin kirki, ya iya ciniki ba ƙarya, amma duk ƙarshen wata sai an yi ta kame-kame kafin a biya albashi, shi kuma yana ta mamaki don a takarda riba ake ci. Na zauna da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, na jera duk masu riƙe da kuɗinmu, na ware wanda bashinsa bai kai kwana 30 ba, da na 60, da wanda ya haura 90, sai ga shi mafi yawan abin da ake kira riba yana aljihun mutane, ga kuma kaya jibge a sito da ba sa motsi alhali mu masu ba mu kaya ba sa yi mana jinkiri. Na kai masa takarda shafi ɗaya. Ya daɗe yana kallonta sannan ya ce, ashe riba daban kuɗi a hannu daban. Daga nan ba ya ƙara ba wani kaya bashi sai ya leƙo ya tambaye ni. To wannan abin a aji biyu aka koya mana shi, ba wata baiwa ba ce tawa.

Gudanar da kasuwanci kuwa, to, ba laifi, kwas ne. Wanda gidansu akwai harka yana jiransa, ko mai bakin talla da iya mu'amala da jama'a, zai amfana. Matsalar ita ce ranar intabiyu in aka ce me ka iya yi da hannunka sai ka ji ana ta zuba turanci, kuma ba wanda zai ɗauki yaro sabon gama makaranta ya ce zo ka zama manaja.

Ga wani abu da ba a cika gaya wa yara ba. Ilimin gudanarwa yana jiranka a gaba ko yaushe, ai don haka aka yi MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, wanda jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1908, injiniya yana yi, likita yana yi, akanta yana yi, kuma ya fi daɗi bayan ka yi aiki ka ga yadda ofis yake. Amma wanda ya tsallake akanta yana ƙarami, ya dawo yana da iyali da aiki ya ce zai fara daga tushe, ba ƙaramin jan aiki ba ne. Sannan akanta tana da tsani a fili bayan digiri. ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Birtaniya, a tsarin da ake kai jarabawa 13 ce, kuma in digirinka na akanta ne daga jami'ar da suka amince da ita ana iya yafe maka har 9, sai ka haɗa da watanni 36 na aiki. In harkar zuba jari da hannun jari ce ta fi jan ka akwai CFA, jarabawar ƙwararru ta Amurka, mataki uku, tana da zafi sosai, ban ce maka wasa ba ce. Kusan kowace ƙasa kuma tana da tata ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Ƙa'idojin IFRS, wato na rubuta rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, da za a koya maka ƙasashe sama da 140 ke aiki da su, Amurka ce dai ta riƙe nata tsarin da ake kira GAAP, kenan abin da ka koya ba a gida kaɗai yake ci ba.

Na san abu biyu da za su zo maka a rai. Na farko lissafi. Ba irin na injiniyoyi ba ne, tarawa ne da ɗebewa da kaso cikin ɗari, abin da ake so shi ne natsuwa da rashin ganda. In ka gane cewa 100 da ke ƙaruwa da kashi 10 duk shekara za ta zama 110 sannan 121, ba 120 ba, to ka kama bakin zaren darasin darajar kuɗi da lokaci. Na biyu maganar kuɗin ruwa. E, za ka karance shi, ba makawa, amma karatun bai ɗaure ka da aikin banki mai ruwa ba, akwai odit, akwai haraji, akwai asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin agaji duk suna neman akanta, ga kuma fannin kuɗi na Musulunci, murabaha, mudaraba, ijara, sukuk, har hukumar tsara musu ƙa'idojin akanta gare su a Bahrain, AAOIFI, kuma Malesiya ta yi nisa a wannan karatun.

Iyaka in ka san ba ka iya cewa a'a to ka yi tunani, don wata rana oga zai ce gyara lambar nan. Kamfanin Enron ya rushe a 2001 kan ɓoye basussuka, ya ja Arthur Andersen da ke binciken littattafansa suka tafi tare, shi ya sa manyan kamfanonin odit suka koma huɗu, Deloitte, PwC, EY da KPMG.

Ba ka tambaya ba amma dan Allah ka kiyayi 'yan damfarar karatu, sun yi yawa a wannan fannin. Masu tallan digiri ta intanet cikin wata shida, masu MBA ba jarabawa, masu cewa turo kuɗi ta asusuna in samo maka gurbi, da cibiyoyin da ke raba satifiket mai ado da haruffa barkatai da ba wanda ya san su. Kafin ka biya ko sisi shiga shafin hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar da makarantar take ka ga sunanta da sunan kwas ɗin kansa, don wani lokacin jami'a tana da rajista amma kwas ɗin ba a amince da shi ba. In sun ce suna da shaidar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci, ko yafiyar jarabawar ACCA kar ka yarda da tambarin da suka manna, je shafin su AACSB ɗin ko ACCA ka nema da kanka, kuma kuɗin makaranta asusun makaranta ake biya ba na wani ejan ba.

Ka cike akanta da sarrafa kuɗi. Kafin a fara lakca ka samu kwamfuta ko ta aro ce ka fara koyon Excel, kuma ka roƙi sashen su ba ka jerin darussan shekara huɗun ka turo min in duba maka ko akwai odit da haraji a ciki.