Masu wayarin da suka gyara mana wutar shagon ɗinki a Jos

Jama'a masu shago a Jos, musamman teloli da masu wanki da guga, ga ra'ayina kan wasu samari masu wayarin da ke wajen Bauchi Road, su suka sake mana wutar shago gaba ɗaya. Sun iya aiki wallahi, amma fa sai ka shirya aljihunka.

Tun kafin in tambaya ogan nasu ya ciro satifiket ɗinsa na NEMSA, hukumar da ke tantance masu wannan sana'a. Yana buɗe akwatin fis sai ya ce "Alhaji zo ka gani", ashe siririyar waya 1.5 ta ƙwan fitila aka ja wa soket ɗin dutsen guga, robar duk ta narke ta yi baƙi tana ƙauri an nannaɗe ta da salatif, kuma ko atin, wato wayar da ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa, babu a shagon, shi ya sa yaran ke ta ƙorafin keke na jansu in suka taka siminti ba takalmi, ballantana da damina. Gabana ya faɗi sosai, ƴaƴan mutane ne fa amana a hannuna.

Sun mayar da soket kan waya 2.5, sun kafa sandar atin a bayan shago, sannan suka sa wata bireka RCD mai 30mA wadda da wuta ta fara bi ta jikin mutum take yankewa nan take. Ya tara yaran ya nuna musu maɓallin gwada ta, ya ce wutar NEPA volt 230 ce ba abin wasa ba, in ta kama wani kar a taɓa shi da hannu a fara kashe babban suwic, in kuma waya ta kama da wuta kar a watsa ruwa. Wannan bayanin kaɗai a wajena ya ci kuɗinsa. Sun kuma sa mana cenjoba, suwic ɗin da ke sauya shago tsakanin wutar NEPA da ta janareta, don ya ce jona janareta kai tsaye a soket na iya mayar da wuta kan layi ta kashe ma'aikacin kamfanin rarraba wuta na JED da ke kan fol.

Inda suka gaza, ba sa cika alkawarin lokaci, a ce da safe sai bayan azahar ka gansu, kuma rasit ɗin kaya sai da na yi ta bibiya. Duk da haka su zan sake kira in za mu ƙara kekuna, sai dai in sa su rubuta min lissafin kaya tun kafin su fara.