Ejan ɗin tikiti na Samaru da tafiyata taron Kopenhagen

Masu ta tambayata a sashenmu na jami'a wa ya yi mini harkar tikiti da biza lokacin da na je taron ƙungiyar masana kimiyya ta Turai, ECIS, na 2024 a Kopenhagen, to ga amsa nan gaba ɗaya. Wani ejan ne a Samaru, ɗan ofis ne ƙarami saman wani shagon fotokwafi, kujera biyu da fanka, ba za ka ɗauke shi da muhimmanci ba sai ka zauna.

Taron na masu binciken abubuwan da ke gauraye ba su narke ba kuma ba su kwanta ba ne, irin madara da fenti da kumfar sabulu, ni aikina kan ƙaro ne, yadda yake riƙe mai da ruwa kar su rabu. Tallafin da na samu irin wanda sai ka kashe naka tukuna a mayar maka ne, kuma duk wanda ya taɓa neman kuɗin halartar taro, ko TETFund ne ko ƙungiyoyin waje, ya san komai takarda ce, wasiƙar karɓar muƙala, rasit, har guntun katin shiga jirgi. Nan ne ejan ɗin, Alhaji, ya burge ni wallahi. Ina nuna masa wasiƙar ya ce "Dakta kar ka sayi tikiti yanzu, bari in riƙe maka kujera ka kai ofishin biza, in ta fito sai mu biya," ya kuma ce in biya rajistar taro kafin rangwamen masu saurin biya ya wuce. Inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin har yuro 30,000 da bizar Turai ta Shengen ke buƙata shi ya haɗa, ya gaya mini kuɗin biza ya koma yuro 90 tun watan Yuni don kar in je Abuja da tsohon lissafi. Rasit kuma ya rubuta sunana daidai da na fasfo, kuɗin tikiti daban ladansa daban, masu biya ba su dawo mini da ko takarda ɗaya ba.

Amma fa yana da nasa. WhatsApp sai ka tura da safe ya amsa bayan Isha'i, gara ka hau keke napep ka je da kanka. Sannan don neman araha ya haɗa ni da dogon jira a Istanbul, ga kwalin fosta a kafaɗa ina ta yawo da shi, da ya tambaye ni da na ƙara kuɗi. Ladansa ma ba ya ragi ko sisi, na yi ciniki har na gaji.

Malamai da ɗaliban digiri na uku zan ce ku je, amma da wata uku a hannu, ku kuma sa ya nuna muku awowin jira a kwamfuta kafin ku tura kuɗi.