Ƙullin ORS da ƙwayar zinki: yadda suka yi mana aiki a bazarar bana

A watan Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, gudawa ta kama ɗana mai shekara biyu, kuma kafin la'asar leɓunansa sun bushe, idanunsa sun fara zurmawa. Na je kemis ɗin bakin kasuwa na sayo ƙaramin kwali mai ɗauke da ƙullin ORS guda biyu, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa, da ƙwayoyin zinki goma, a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Ra'ayina a kansa shi ne kayan yana da kyau ƙwarai, amma yadda ake sayar da shi yana da gyara.

Ba za a gane amfanin wannan gari ba sai an san aikin da jiki yake yi wa kansa. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuwa yakan kai kashi 75, kuma jiki ba ya barin ruwan da gishirin da ke cikinsa su kauce wa ma'auni. Da zarar ruwa ya ragu jini ya fara yin kauri da gishiri, wani sashe na ƙwaƙwalwa yakan gane, sai ya tayar da ƙishirwa, ya kuma sa a saki wani sinadari mai umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa fitsarin manomi yake raguwa ya yi ja idan ya yini a rana yana zufa. Ƙodar baligi tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, ta mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a fitsari kimanin lita ɗaya da rabi ne. Matsalar gudawa ita ce ruwa da gishiri suna zubewa ta hanji, inda ƙoda ba ta da iko, kuma a jikin ƙaramin yaro asarar takan fi ƙarfin wannan tsari cikin 'yan sa'o'i.

A nan ne ƙullin yake shigowa. Bangon ƙaramin hanji yana ɗaukar gishiri da sukarin gulukos tare, ruwa ya bi bayansu zuwa jini, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko da cutar kwalara ce. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi ya ƙunshi giram 13.5 na gulukos, 2.6 na gishiri, 1.5 na gishirin fotasiyam da 2.9 na wani sinadari mai suna sitiret a lita ɗaya ta ruwa. Garin ya narke nan take, ɗanɗanonsa kuma bai fi na hawaye gishiri ba, sai dai yaron ya ƙi shi da farko, dole mahaifiyarsa ta riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan tsakanin kunu.

Da asuba ya yi fitsari, ya kuma yi kuka da hawaye, alamar ruwa ya koma jikinsa. Gudawar dai ba ta tsaya ba sai a kwana na uku, har mahaifiyata ta ce, "Malam, ruwan nan naka bai tsayar da komai ba, gara a koma jiƙo." Na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, ba tsayar da zawo ne aikinsa ba, mayar da abin da ya zuba yake yi." Zinkin ne yake rage tsawon ciwon, ana ba da miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya haura wata shida, rabin haka ga wanda bai kai ba. Ɗanɗanonsa na ƙarfe ya sa ɗana amai sau ɗaya, sai muka koma ba shi bayan ya ci abinci.

Babban ƙorafina yana kan awo. Bayanin da ke jikin ƙullin da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, kuma yaron kemis ɗin abin da ya ce mini kawai shi ne a jiƙa a kofi. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin idan aka zuba garin lita ɗaya a ɗan kofin shayi, gishirin zai fi na jini yawa, ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, ya ƙara wa yaron bushewa. A duba adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙullin tukuna. Idan lita ɗaya ce, ledar fiya wata biyu ta cika awon, abin da ya rage kuma bayan sa'a 24 a zubar. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti za a nufa da shi ba tare da jinkiri ba. Na sake sayen kwali biyu saboda damina, na kuma rubuta awon da Hausa a jikin kowanne.